Fitar da iska daga birkin mota: feda, kwalba, famfon zuƙa ko tankin matsi?

Birkin mota yana kamawa ne saboda man birki ba ya matsuwa. Duk ƙarfin da ƙafa ta sa wa feda, masta, wato silindar da feda ke dannawa, zai tura shi ta cikin fayif har zuwa fiston ɗin kowace taya ba tare da ya ragu ba. Iska kuwa tana matsuwa kamar soso. Ɗan kumfa kaɗan ya isa ya shanye rabin tafiyar feda kafin fad ya kama faifai da ƙarfi, shi ne za ka ji feda ta yi laushi, sai an buga ta sau biyu ko uku kafin mota ta tsaya. Hanyoyin fitar da wannan iska, wato abin da 'yan gareji ke kira bilidin, sun kai shida. Kowacce tana iya yin aikin, amma ba a kan kowace mota ba, kuma ɗaya daga cikinsu, wadda aka fi sabawa da ita, tana iya kashe tsohon masta a cikin minti biyar.

Kafin zaɓe, a tabbatar iska ce

Kashe inji, ka buga feda sau biyar ko shida har taimakon busta, na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi, ya ƙare, sannan ka danne ta ka riƙe kamar rabin minti. Idan tana da laushi amma tana ƙara tauri duk lokacin da ka buga, iska ce, ko kuma shu ɗin baya (takalmin birki) ne ya yi nisa da dram (gangar da yake kamawa) yana buƙatar a ɗaga shi. Idan ta yi tauri da farko sannan ta riƙa nutsewa a hankali, kuma babu yoyo ko'ina, robobin cikin masta ne suka mutu, mai yana zagayawa ta bayansu. Wannan ko galan guda na mai ka zubar wajen bilidin ba zai gyaru ba. Idan kuma mai yana raguwa a tankin masta, nemi inda yake yoyo tukuna: tiyon roba da ya tsage, silindar dram da ta jiƙe, ko fayif da tsatsa ta ci.

Ma'aunin da za a bi

Abu biyar ne. Kuɗin kayan aiki. Ƙarkonsu, domin man birki yana cin roba maras kyau yana kuma ɓamɓare fenti. Sauƙi, wato mutum nawa ake buƙata da tsawon lokaci. Haɗari ga motar kanta. Sai na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi: ƙarfin kore iskar da ta maƙale a kwanar fayif ko a saman kalifa, abin da ke matse fad a kan faifai, domin akwai hanyar da ke canza mai tas amma ba ta iya motsa kumfa mai taurin kai.

Akwai kuma ƙa'idojin da ba sa canzawa ko wace hanya aka bi. A yi amfani da man da aka rubuta a murfin tanki, DOT 3 ko DOT 4 a yawancin motoci, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Rabin lita yakan isa korar iska, lita guda kuma ta isa canza mai gaba ɗaya a ƙaramar mota. Kada man da ke tanki ya sauka ƙasa da layin ƙasa ko sau ɗaya. A fara da tayar da ta fi nisa da masta: a mota mai sitiyari a hagu, bayan dama, bayan hagu, gaban dama, gaban hagu. Wannan jerin ba doka ba ce ga kowa, motocin Honda da yawa da gaban hagu ake farawa, don haka a duba littafin motar. Nipul, ƙaramin noti mai rami da ake kwancewa a kowace taya don iska ta fita, yakan ɗauki sifana mai lamba 8 ko 10, a motocin Turai kuma ana samun 7, 9 da 11. A yi amfani da sifana mai zobe, domin mai buɗaɗɗen baki tana gwaguye kansa.

Hanya ta farko: mutum biyu da feda

Ita ce ta kowane gareji. Ɗaya yana zaune a kujerar direba, ɗaya yana tsugune a gindin taya. Na ciki ya buga feda sau uku a hankali ya riƙe. Na waje ya buɗe nipul kwatan zagaye, mai da iska su fito, feda ta nutse, ya rufe nipul, sannan ya ce a saki. A maimaita sau biyar zuwa goma a kowace taya har kumfa ya daina fitowa.

Kuɗinta kusan babu: sifana, farin tiyo mai faɗin ciki kamar milimita 5 ko 6, da tsohuwar kwalba. Ba abin da zai lalace a cikin kayan. A wajen kore iska kuwa babu wadda ta kai ta, saboda matsin da ƙafa ke samarwa ya ninka na kowane famfo sau da yawa, kuma mai yana fita da gudu yana kwashe kumfan da ya manne a bango.

Matsalolinta biyu ne. Ta farko rashin jituwa: in na ciki ya ɗaga ƙafa kafin a rufe nipul, masta zai zuƙo iska ta nan take, an koma 'yar gidan jiya. Shi ya sa "buga, riƙe, saki" ba surutu ba ne, kuma na waje ne kaɗai ke ba da umarni. Ta biyu ta fi tsada. A tuƙin yau da kullum fiston ɗin masta yana kai-komo ne a wani ɗan yanki na silindarsa, yankin ya yi santsi. Can ƙuryar da ba ya kaiwa, a motar da ta shekara goma ko fiye ba a canza mata mai a kan kari ba, tsatsa da datti sun taru. Da zarar an buɗe nipul feda ta tafi har ƙasa, robobin fiston za su bi ta kan wannan kaushin su yage. Daga nan ne ake jin mai mota yana cewa birki lafiya lau yake kafin a taɓa shi, yanzu feda tana nutsewa. Maganin mai sauƙi ne: a sa guntun katako mai kaurin yatsu biyu a ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa. Kaɗan ne ke yin haka.

Wani abin da ya zama ɗabi'a shi ne buɗe nipul babu tiyo, mai ya yi tsartuwa kan taya da ƙasa. Ban da ɓata fad da fenti, ba ka ganin kumfa da idonka, sai dai ka yi ta kintace da sautin tusar iska.

Hanya ta biyu: a bar mai ya sauko da kansa

Tankin masta yana sama, nipul yana ƙasa. A cire murfin tanki, a sa tiyo, a buɗe nipul rabin zagaye, a bar mai ya riƙa ɗiga. Ba a taɓa feda ko kaɗan, saboda haka masta ba ya cikin haɗari, kuma mutum ɗaya ya isa. Kuɗinta daidai da ta farko. Sai dai tana cin lokaci, kwata zuwa rabin awa a taya guda, ba ta kuma da ƙarfin turo kumfan da ya hau saman wata kwana. Ta dace da lokacin da aka canza kalifa ko tiyo guda, iskar tana kusa da nipul. Haɗarinta ɗaya shi ne mantuwa: ka tafi sallah ko cin abinci, ka dawo tanki ya ƙafe.

Hanya ta uku: kwalba da tiyo, mutum ɗaya

A zuba sabon mai kamar yatsu biyu a kwalba, a huda murfinta, a zura tiyo har bakinsa ya nutse cikin man, ɗaya bakin a kan nipul. A rataye kwalbar sama da nipul ɗin don tiyon ya fara haurawa sama, iska ta bi shi ta tafi. A buɗe nipul kaɗan, a shiga mota a riƙa danna feda a hankali ana saki a hankali. Idan an saki, abin da zai koma ciki mai ne, ba iska ba. Ana sayar da irin wannan kwalba mai ɗan bawul da ke barin mai ya wuce gefe guda kawai, amma wadda aka haɗa a gida tana yin aikin.

Arha ce, tiyon ne kawai yakan ƙandare bayan wasu watanni a sake wani. Raunin hanyar yana wurin zaren nipul: tunda a buɗe yake lokacin da feda ke dawowa, iska kaɗan tana iya kutsawa ta zaren. A rage wannan da buɗe shi ɗan kaɗan, a kuma shafa giris na birki a gindinsa ta waje. Giris na yau da kullum ba ya shiri da robobin birki, kada ya kusanci cikin ramin. Haɗarin masta yana nan yadda yake a hanya ta farko, don haka katakon nan ya zama dole. Kuma kana cikin mota ba ka ganin tiyo, sai ka riƙa fitowa bayan kowane bugu goma ka duba shi ka duba tanki.

Hanya ta huɗu: famfon zuƙa

Ƙaramin famfon hannu ne mai agogo da ƙoƙon tara mai, irin na Mityvac da ire-irensa. Akwai kuma mai aiki da kwamfireso. Ana haɗa shi da nipul, a matsa hannu ya fara zuƙa, a buɗe nipul ya jawo mai daga tanki. Mutum ɗaya ne, feda ba ta motsi, aiki yana sauri, kuma shi ne mafi dacewa wajen kwashe tsohon baƙin mai daga tanki kafin a fara.

Farashinsa matsakaici ne, amma ƙarkonsa ya dogara da hannun mai shi. Idan ƙoƙon ya cika ko ya karkace mai ya shiga cikin famfon, robobinsa za su kumbura ya daina zuƙa, kuma masu arha ba su cika samun kayan gyara ba.

Babban aibinsa shi ne yana ruɗar da mai aiki. Zuƙar tana jawo iskar waje ta zaren nipul da ta bakin tiyo, sai ka ga kumfa yana ta zuwa ba ƙarewa alhali cikin birkin babu sauran iska. Wanda bai san haka ba zai ƙarar da gwangwani uku yana bin inuwa. A birkin dram kuma akwai wata: robobin silindar baya an yi su ne su toshe idan matsi ya taso daga ciki, saboda haka zuƙa mai ƙarfi tana iya jawo iska ta gefensu. Duk wanda ya yi aiki da famfon zuƙa, ya kamata ya ƙarasa kowace taya da bugun feda biyu ko uku don tabbatarwa.

Hanya ta biyar: tankin matsi a kan masta

Nan ana cire murfin tankin masta a ɗaura wani murfi mai tiyo, a haɗa shi da tulu mai famfo da agogo. A buga iska har agogo ya nuna matsin psi 10 zuwa 15, kada a wuce 20 sai in littafin motar ya ce haka. Daga nan sai zagaya tayoyi ana buɗe nipul ɗaya bayan ɗaya, mai yana fita bai-ɗaya babu yankewa, kumfan da aka gani kuma na gaskiya ne, domin matsi yana tura mai waje ne ta zare, ba ya jawo iska ciki. Akwai irin Gunson Eezibleed da ke ɗaukar iska daga safaya. Mai amfani da shi sai ya sace iskar tayar zuwa psi 20 ko ƙasa, tunda taya takan kasance da 30 zuwa sama.

A canjin mai gaba ɗaya babu kamarta: mutum ɗaya, tayoyi huɗu cikin rabin awa in an riga an ɗaga mota, masta kuma ba a taɓa shi ba. Tulun yakan daɗe in ana wanke shi da sifirit bayan aiki. Fetur ko kananzir kada su shiga cikinsa. Wasu ma ba sa zuba mai a tulun, iska kawai suke bugawa suna ƙara mai a tankin masta bayan kowace taya. Wannan yana tsawaita ran kayan, sai dai yana buƙatar ido a kan tanki.

Abin da ke yanke hukunci a nan shi ne murfi. Motocin Turai da yawa, Volkswagen, Peugeot, Mercedes, BMW, suna da murfi mai zare iri ɗaya, adafta guda, wato wancan murfi mai tiyo, ta wadatar. Toyota da Honda da Nissan kowacce da nata salon, na Toyota da yawa turawa ake yi ba murɗawa ba. Adaftar da ake cewa ta kowa da kowa, mai sarƙa, tana yawan yoyo. Saboda haka mai sayen tankin matsi ya fara tambayar adafta kafin farashi, ko a Ƙofar Ruwa zai saya ko a Fanteka ko ta intanet. A kuma gwada matsin babu mai tukuna: a buga zuwa psi 10 a jira minti biyu, in allura ta sauka akwai yoyo. Tsohon tankin roba da zafin inji ya gasa yana iya tsagewa, ko ya fice daga mazauninsa ya watsa mai a kan fenti. In hakan ta faru a kwarara ruwa nan take, kada a goge da tsumma.

Hanya ta shida: sirinji daga ƙasa zuwa sama

A cika babban sirinji da mai, a haɗa da nipul, a tura sama. Iska dama sama take son tafiya, shi ya sa hanyar take aiki sosai a kulocin mai da birkin gaban babur mai faifai. A mota mai ABS, tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki, ba abin so ba ce, domin dattin da ya kwanta a kalifa za a tura shi cikin ƙananan bawuloli masu tsada. A riƙa rage mai a tanki don kada ya tumbatsa.

| Hanya | Kuɗin kaya | Ƙarko | Mutane | Kore iska | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Feda | kusan babu | ba ya lalacewa | 2 | mafi ƙarfi | yage robar tsohon masta |
| Saukowa da kansa | kusan babu | ba ya lalacewa | 1 | rauni | tanki ya ƙafe |
| Kwalba da tiyo | kaɗan | tiyo na ƙandarewa | 1 | mai kyau | iska ta zare, robar masta |
| Famfon zuƙa | matsakaici | mai na kashe shi | 1 | matsakaici | kumfan ƙarya |
| Tankin matsi | mai tsada | yana daɗewa | 1 | mai kyau ƙwarai | murfi ya yi yoyo |
| Sirinji | kaɗan | roba na kumbura | 1 | mai kyau a gajeren layi | datti ya shiga ABS |

Inda duk shida ba za su isa ba

Mota mai ABS, in dai tanki bai taɓa ƙafewa ba, yawanci bilidin na yau da kullum ya wadatar. Amma in an canza akwatin ABS ko iska ta shige shi, akwai ɗakunan da ke rufe sai kwamfutar duba mota ta umarci famfo da bawuloli su buɗe. Wasu suna fita kan hanyar burji su taka birki da ƙarfi don ABS ya motsa, su dawo su sake bilidin. Wani lokaci yana yi, amma tuƙa motar da ka san birkinta bai cika ba caca ce. Motoci irin Prius da Land Cruiser 100, waɗanda famfon lantarki ke tara musu matsin birki, suna da tsarinsu dabam, ba a yi musu da ka.

Sabon masta kuwa ana fitar da iskarsa tun kafin a ɗaura shi, a kan bais, ƙarfen da ke riƙe kaya a teburin aiki, da gajerun tiyo biyu da ke mayar da mai cikin tankinsa, ana tura fiston a hankali har kumfa ya ƙare. In an tsallake wannan, za a wuni a gindin taya a banza. Motocin ɗaukar kaya irin Hilux da Hiace na da da yawa suna da bawul mai auna nauyi kusa da gatarin baya, da nasa nipul ɗin, shi ma sai an buɗe shi. Sannan kuskuren da ke sa ƙwararru ma su yi gumi: an musanya kalifar hagu da ta dama, nipul ya koma ƙasa. Iska tana sama, ƙofarta tana ƙasa, ba za ta taɓa fita ba. Nipul da ya ƙi kwancewa kuma kada a yi masa ƙarfi, ciki rami ne, karyewa yake yi. A fesa masa man sassauta tsatsa, a ɗan ƙwanƙwasa, a jira.

Akwai kuma laushin fedar da ba daga iskar waje ya zo ba. Man birki yana shan danshi. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Celsius, DOT 4 kuma 230, amma in sun sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin yana sauka zuwa 140 da 155. A gangara mai tsawo irin ta Hawan Kibo, da lodi, ƙafa a kan birki, tsohon mai yana iya tafasa ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa, bayan ya huce kuma ta dawo kamar ba a yi ba. Wannan canjin mai gaba ɗaya yake so, wanda masu ƙera mota da yawa suke cewa a yi duk shekara biyu. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. Man inji ko man giya in ya shiga tanki, duk robobin birkin sun tashi aiki.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Mai mota guda da ya canza kalifa ko tiyo ɗaya, tanki bai ƙafe ba: ya bar mai ya sauko da kansa, ya ƙarasa da bugun feda kaɗan. Ba ya buƙatar sayen komai sai tiyo.

Mai tsohuwar mota, Golf ko 406 ko Corolla da ba a san ranar da aka canza mata man birki ba: ya guji tura feda ƙasa. Tankin matsi ya fi masa, musamman tunda Golf da 406 adaftarsu ɗaya. In babu, feda da katako a ƙarƙashi.

Wanda iska ta maƙale masa bayan an canza fayif mai tsawo, an gwada zuƙa bai yi ba: mutum biyu da feda, ana ƙwanƙwasa kalifa da ƙotar sifana don kumfa ya saki.

Direban da ke tafiyar nesa shi kaɗai: kwalba, tiyo, sifana mai zobe da rufaffen gwangwanin mai a but.

Mai A Daidaita Sahu: layukan gajeru ne, feda ta isa, amma a fara ɗaga shu kafin a zargi iska.

Garejin da ke taɓa birkin motoci da yawa a mako: tankin matsi da adaftar Turai da ta Toyota da ta Honda, famfon zuƙa don kwashe tanki, da kwamfutar da ke iya motsa ABS. Motar da fitilar ABS ɗinta ke kunne ko aka canza mata akwatin, kai tsaye wurin mai kwamfuta za a kai ta. Kowace hanya aka bi, a mayar da hular roba kan nipul, a goge shi a duba ko yana tsattsafo, a gwada birki a fili da gudun da bai wuce na tafiyar ƙafa ba kafin a hau titi.